Wanda ya biya kuɗin fito bai sayi jirgi ba

Ran 11 ga watan Fabrairu na shekarar 2025, wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Firaxis ya fitar da wasan kwamfuta da ake kira Civilization VII. Wasa ne na dabara: mai wasa yana riƙe ragamar daula, ya gina birane, ya buɗe hanyoyin fatauci, ya ƙulla amana ko ya ɗaura yaƙi. Tun 1991 ake fitar da irinsa, wannan shi ne na bakwai. Labarin ya shafi mutanen Gaya, domin cikin daulolin wasan akwai Songai, cikin shugabanninsa kuma akwai sarauniya Amina ta Zazzau. Masu ilimin tarihi sun san cewa bayan yaƙin Tondibi na 1591, ƙasar Dendi ce Askiya Nuhu ya komo ya ci gaba da tsayayya da rundunar Maroko. Ashe tarihin wannan yanki ne aka mayar haja.

Fitowar wasan ke da wuya sai ƙorafi ya tashi. Waɗansu suka ce an sayar musu da aiki bai ƙare ba. Waɗansu suka ce an ware sassan wasan ana neman kuɗi dabam a kansu. Waɗansu kuma suka koka da makullin Denuvo da aka sa masa don hana kwafi, wanda kan bukaci intanet ya tabbatar an biya. Farashin ya kai dalar Amurka 70, wato fiye da jika 40 na sefa a lokacin, alhali albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida a Nijar a 2024 jika 42 ne.

Ya kamata a fahimci tushen rigimar. Wanda ya sayi akuya a kasuwar Gaya, akuya ta zama tasa: ya yanka, ya sayar, ko ya ba da kyauta. Wanda kuwa ya biya kuɗin fito a bakin kogin Kwara bai sayi jirgi ba, izinin ƙetarewa ya biya. To, haka cinikin manhajar kwamfuta yake. Abin da mutum ke samu lasisi ne, wato izinin amfani bisa sharuɗɗan da mai kaya ya rubuta. Sharuɗɗan nan dogaye ne, da Faransanci ko Ingilishi, kuma yawancin mutane kan taɓa wurin amincewa ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba.

Masu ƙorafi suna da gaskiya ta wani gefe. Mai fito da ya karɓi kuɗi wajibi ne ya kai mutum gaɓa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A ƙarshen watan Maris na 2024, kamfanin Ubisoft na Faransa ya rufe wasan The Crew, wanda ya fito a 2014, waɗanda suka biya suka wayi gari ba su da kome. Wannan ya sa a 2025 mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke zuwa ga hukumomin Tarayyar Turai. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta kafa doka a 2024, wadda ta tilasta wa masu sayarwa su faɗi a fili cewa lasisi ne suke bayarwa. Neman a gaya wa mai saye gaskiya tun kafin ya kwance lalitarsa haƙƙi ne, ba rashin godiya ba.

Amma akwai inda ƙorafi ke wuce gona da iri. Tsadar kaya ba ta halatta ɗaukarsa ba da izini ba. Gari na iyaka irin Gaya, da Malanbil a ƙetaren kogi da Kamba ta Najeriya a kusa, ya saba da shige da ficen kaya. Sai dai kayan yau ba ya bi ta gaban ma'aikatan duwan: cikin wayar salula yake tafiya. A kasuwanni ana tura wa mutum fina-finai da waƙoƙi da wasanni a kan kuɗi kaɗan, mai aikin kuwa bai ga ko tamma ba. Masu shirya fina-finan Hausa na Kano sun ɗanɗana wannan asara, haka ma mawaƙan Nijar. Matashin da ya saba cewa wasan Amurka banza ne, gobe haka zai ce da waƙar maƙwabcinsa.

Doka ba ta yi shiru ba. Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda Nijar ke ciki, bayan gyaran 1999 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da ake karewa kamar littafi. Dokar ran 23 ga Disamba 2010 tana kare haƙƙin mai ƙirƙira tare da al'adun gargajiya, ofishin BNDA da ke Yamai kuma shi ke kula da haƙƙin masu fasaha.

Saboda haka aiki yana gaban kowa. Malaman yaƙi da jahilci su koya wa ɗalibansu cewa taɓa wurin amincewa a waya daidai yake da dangwala yatsa a takardar ciniki. Hukumomi su sa a bayyana dokar nan da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo, su kuma nemi masu sayarwa su faɗi abin da suke sayarwa da harshen da mai saye ke ji. Wanda wasa ya fi ƙarfin aljihunsa ya haƙura, ko ya nemi waɗanda masu su suka bayar kyauta. Dara ma tana nan, da gurabenta 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, ba ta neman lasisi. Ƴan lakkol da suka iya kwamfuta kuwa su lura: tun da baƙi suka ga riba cikin labarin Songai da na Amina, ƴaƴan Dendi sun fi cancanta su gina wasa a kansa. Ranar da suka yi haka, dokar da ake ƙorafi da ita yau ita ce za ta tsare musu guminsu.