A Miƙa Gidan Tsofaffi, Amma Kada a Miƙa Alhakinsu



A unguwarmu akwai wata tsohuwa da muke kira Inna. Ba 'yar Kurya ba ce. Daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi ta zo, shekarar da 'yan bindiga suka tashe su. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda ya tafi kudu neman kuɗi, ba a cika jin ɗuriyarsa ba. Wani maƙwabcinmu ya ba ta ɗaki, matan unguwa kuma suna aika mata tuwo, yau wannan gida gobe wancan. Ran nan na kai mata koko, sai ta ce mini, "Ɗiyata, ba yunwa nike tsoro ba, ranar da zan kasa tashi nike tsoro." Tun daga ranar maganar nan ba ta bar raina ba.

Mun tashi mun tarar cewa gidan tsoho shi ne gidan ɗansa. Abin kunya ne a ce mutum ya kai mahaifiyarsa gidan gajiyayyu alhali yana da rai da lafiya, kuma ni ma a kan haka nake. To amma rashin tsaro ya watsa gidaje da yawa a Zurmi da Shinkafi da Kauran Namoda. Akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka rasu, akwai waɗanda 'ya'yan nasu ma gudun hijira suke yi. Maƙwabci zai iya ba da ɗaki da tuwo, amma jinyar wanda ba ya iya tashi, dare da rana, aiki ne da ya fi ƙarfin kwanon tuwo. Irin su Inna, wa ke da alhakinsu?

Dokar ƙasa ta riga ta ba da amsa. A Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, kamar kasuwanni da tashoshin mota da rajistar haihuwa da mutuwa, an sa kafa gidajen gajiyayyu da marasa ƙarfi da kula da su, a layi ɗaya da maƙabartu. Sashe na 16 kuma ya ambaci kula da tsofaffi cikin manufofin da gwamnati za ta sa a gaba. A 2018 an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. Sannan ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ke nan idan ƙaramar hukuma ta kula da tsoho marar kowa, ba alfarma ta yi ba, aikinta ta yi. A Kano ma akwai gidan gajiyayyu na Shahuci a hannun gwamnati.

Sai dai duk inda aka yi maganar irin wannan gida, za ka ji an ce, "Gwamnati ba ta iya riƙo ba, a ba wata ƙungiya ko kamfani." Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Kowa ya taɓa ganin ginin hukuma da aka buɗe da biki, bayan shekara biyu rufi na yoyo, famfo ya mutu, ma'aikaci sai ƙarshen wata. Ƙungiyar da ta sa kanta don Allah tana iya fin haka tausayi da himma. Ban ƙi ba. Amma kafin mu ce amin, mu dubi abin da ya faru da waɗanda suka riga mu bin wannan hanya.

A Ingila, da can ƙananan hukumomi ne ke riƙe da gidajen tsofaffi masu yawa. Bayan wata doka ta 1990, sai suka koma biyan kamfanoni da ƙungiyoyi kuɗi su yi aikin, aka miƙa wasu gidajen, aka rufe wasu. Wani kamfani mai suna Southern Cross ya bunƙasa har ya riƙe gidaje kusan 750, da tsofaffi kimanin 31,000. Amma gine-ginen ba a hannunsa suke ba, an sayar da su ana biyan haya, kuma hayar tana hawa kowace shekara. Da kuɗin da ƙananan hukumomi ke biya ya kasa kamo hayar, gadaje kuma suka fara zama ba kowa, sai kamfanin ya durƙushe a 2011. Aka shiga neman waɗanda za su karɓi gidajen, tsofaffi da iyalansu suka yi watanni cikin zullumi. Wannan fa a ƙasar da ke da hukuma ta musamman mai zagayawa tana duba irin waɗannan gidaje. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ra'ayina shi ne, a miƙa gudanarwa idan akwai wanda ya fi iyawa, amma da sharuɗɗa huɗu.

Na farko, fili da gini su zauna mallakar ƙaramar hukuma, ko a yi waƙafinsu yadda ba mai iya sayarwa ko jinginarwa. Idan mai riƙo ya gaza, shi zai fita, ba tsofaffin ba.

Na biyu, a rubuta yarjejeniya a karanta wa jama'a da Hausa: abinci sau nawa a rana, ma'aikata nawa, wa zai biya kuɗin magani, wa zai kai marar lafiya asibiti cikin dare. Abin da ba a rubuta ba, ba a iya tuhumar kowa a kansa.

Na uku, kada a kori kowa don ba shi da kuɗi. Gidan da sai mai hali zai shiga ba ya da amfani ga Inna. A nan Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiharmu da masu hannu da shuni za su iya cike giɓi.

Na huɗu, a kafa kwamitin duba gida wanda ya ƙunshi wakilin hakimi da limami da ma'aikaciyar lafiya da mata, su riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, kuma su zauna da tsofaffin su ji ta bakinsu.

Wani zai ce ƙungiyar agaji ai ba riba take nema ba, me zai sa a matsa mata? Gaskiya ne ba ɗaya take da kamfani ba. Amma sau da yawa ƙungiya tana tsaye ne da ƙafar mutum guda. Ranar da ya rasu ko arzikinsa ya karye, tukunya ta daina tafasa. Sharaɗi ba zargi ba ne, rigakafi ne.

Mu ɗalibai fa? Ba mu da kuɗi, amma muna da ƙafa da baki. Kowannenmu ya san wani tsoho a unguwarsu da ba shi da mai ɗebo masa ruwa. Ranar Juma'a bayan an tashi, a leƙa shi, a share masa ɗaki. Idan kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ya zo makarantarmu ranar bikin raba kyaututtuka, mu tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, nawa aka ware wa gajiyayyu a kasafin bana? Malamanmu kuma muna roƙo a sa wannan batu a muhawarar zango mai zuwa.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya ba mu ikon riƙe tsofaffinmu da mutunci.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyar, Ƙungiyar 'Yan Jarida.