Karen Kurmi Ba Ya Gadin Garke



Maganar da muka kawo muku a wannan fitowa ta kare ce. Mun san wani zai ce ana ta kai wa ke ta kaya, ga burtali ana nomewa, ga mashaya ana toshewa, ga ɓarayin shanu, sa'an nan a zo ana zancen kare. To, a yi haƙuri a saurare mu. Duk wanda ya taɓa kwana a mashekari cikin duhun damina ya san ba tsinin kunnensa ne ke ba shi barci ba, haushin karensa ne. Saboda haka irin karen da mutum zai ajiye kusa da dangwalin maruƙansa ba ƙaramar magana ba ce.

Mutanenmu sun daɗe suna gangarawa kudu. Tun wajen shekarun 1920 Fulani Bororo suka fara shiga ƙasar da a yau ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya daga Kamaru, kuma daga farkon shekarun 2000 wasu garkuna suka tsallaka kogin Mbomu suka shiga yankin Uwele a arewacin Kwango. A can, wajejen Zemiyo da Obo da Ango da Dungu, ƙasar ƙabilar Zande ce, masu noma da farauta, kuma suna da wani ɗan kare da ya bambanta da namu. Turawa suna kiransa basenji, sunan da ya samo asali daga harshen Lingala, ma'anarsa kusan a ce karen mutanen ƙauye. Tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 40 zuwa 43 ba, nauyinsa kilo 10 ko 11. Gashinsa gajere ne mai sheƙi, galibi ja, ko baƙi, da fari a ƙirji da ƙafafu da bakin wutsiya. Kunnuwansa a tsaye suke, wutsiyar a naɗe bisa gadon baya, goshinsa kuwa a tattare kamar dattijon da aka kawo wa shari'a mai wuya. Kyakkyawa ne, wannan ba musu, kuma wanda aka miƙa masa ɗan kwikwiyonsa kyauta ko a kan ƙwaryar nono zai ji wuyar ƙi.

Abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya karɓa shi ne, wannan kare ba ya haushi. Ba cuta ba ce, ba kuma tsafi ba ne, ƙirar maƙogwaronsa ce ta bambanta da ta sauran karnuka. Yana gurnani, yana ƙara in ya ji zafi, in ya ji daɗi kuma yakan yi wani kuka mai kama da guɗa. Amma wannan haushin da ake jerawa ba ƙaƙƙautawa har sai mai gida ya fito da sanda da fitila, ba ya cikin halittarsa. Ga maharbin kurmi wannan shiru alheri ne, domin nama ba ya jin zuwansa. Shi ya sa maharban ke rataya masa ƙararrawa ta itace, don su san inda ya nufa cikin duhuwa yayin da yake koro musu ƙananan namun daji zuwa ragar da suka shimfiɗa. Ga makiyayi kuwa wannan shirun asara ne tsagwaronta. Kura ba ta tsoron kare don girmansa, tana tsoron mutanen da haushinsa zai tayar. Ɓarawo ma haka. Karen da zai ga kura ta doshi dangwali ya miƙe kunne, ya yi ɗan gurnanin da ba zai wuce bukka ɗaya ba, da shi da babu duk ɗaya ne a wurinmu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. An yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓen wannan kare a kan abu guda, wato ya bi duk abin da ya motsa da gudu, ya kuma yi shawara da kansa tun da maigidansa na nesa ba ya ganinsa. Ɗan tunkiyar da ya yi tsalle, da ɗan akuya, da kaji da zabin matan gida, duk a idonsa nama ne. In ya ɗauki gudu bayan zomo, ko maƙogwaro zai tsage da kira ba zai waiwayo ba sai ya gama. Wani malamin jami'a a Kanada mai suna Stanley Coren ya wallafa littafi a 1994 inda ya jera jinsunan karnuka bisa saurin bin umarni, mataki 79, basenji ya zo na 78. Mu dai ba mu ɗauki wannan a matsayin daƙiƙanci ba. Karen da ya iya buɗe ƙofa, ya hau danga kamar kyanwa, ya gano inda aka ɓoye kilishi, ba daƙiƙi ba ne. Yana jin kira sarai, sai dai ya auna ko zuwan zai amfane shi. Amma yaron kiwo ɗan shekara goma da aka bari da tumaki ba shi da lokacin yin ciniki da kare.

Mu da muke Sahel Allah ya ba mu namu, karen Azawak, mai dogayen ƙafafu, wanda ya fito kwari ɗaya da jajayen shanun Azawak da kowane falke ya san darajarsu a kara. Buzaye da Fulani sun daɗe da shi yana tsaron zango, yana tashi da maruƙa da 'yan raƙuma tun yana jinjiri, ba ya kuma barin baƙo ya matso ba tare da duk zango ya sani ba. Ko karnukan ruga na yau da kullum, waɗanda ba wanda ya raɗa musu sunan jinsi, sun fi basenji nesa ba kusa ba a wannan aiki. Shawararmu ga mai gangarawa kudu ita ce ya tafi da irin nasa, ya kuma kula da shi, domin tsandon da ke sa wa shanu sammore yana sa wa kare ma. Alamunsa zazzaɓi, rama, kumburin kaluluwa, wani lokaci ido ya yi fari kamar an shafa masa nono. A nan muna jan kunne da babbar murya: kada a ɗauki Berenil ɗin shanu a ɗirka wa kare da ka. Maganin yana taɓa ƙwaƙwalwar kare in ya ɗan zarce kima, ya kashe shi ko ya bar shi yana tangaɗi. A nemi malamin dabbobi ya auna nauyinsa tukuna.

Akwai kuma abin da ya shafi zaman lafiya. A ƙauyen kurmi wannan kare dukiya ne, shi ke kawo nama gida, maharbi yana ji da shi kamar yadda muke ji da saniyar tatsa. Zai yiwu ya faɗo cikin tumaki yana bin su, tun da halinsa ke nan, ran yaro ya ɓaci ya kai masa sara ko kibiya. To, zaman mutanenmu a waɗancan wurare dama a kan siraɗi yake, ana jayayya kan gonaki da ruwa da ma izinin zama kansa. Kashe karen mai ƙararrawa a wuya kashe abincin gidan wani ne, kuma ba za a tsaya a kan kare ba. In ya yi ɓarna a kore shi, a kai magana wurin ardo da sarkin ƙauye, a nemi diyya kamar yadda su ma suke nema in saniya ta shiga rogo.

Sai mu juya ga 'yan'uwanmu fatake da dillalai mazauna gari, waɗanda wani zai so ajiye shi a gida don farauta ko don sha'awa. Yana da halayen da za su burge mai tsafta. Yana lashe jikinsa yana gyarawa kamar kyanwa, ba shi da warin nan na kare, ba ya kuma damun maƙwabta da dare. Macen sau ɗaya take neman namiji a shekara, ba sau biyu ba kamar yawancin karnuka, cikin wajen kwana 63, 'ya'ya kuma galibi huɗu zuwa shida. Amma ba kare ne na ɗaurewa a turke ba. In bai sami gudu ba safe da yamma, haushin da bai iya da baki zai huce shi da haƙori a kan tabarma da takalmi da igiya da buhun dusa. Katangar da ta kai ƙirji ba ta tsare shi. Ba ya son ruwan sama, ba ya son sanyi, lokacin hunturu sai an ba shi buhu ko tsumma a lungun da iska ba ta bugawa. A bakin hanyar mota kuwa kada a sake shi ba igiya.

Horonsa a fara tun yana wata biyu zuwa uku, a riƙa nuna masa mutane da yara da dabbobin gida yana ɗaure, kullum kaɗan kaɗan. Duka ba ya gyara shi, sai dai ya mai da shi mai cizo ko mai gudun mutane. Abin da ke aiki shi ne ɗan guntun nama a hannu: a kira sunansa, in ya zo a ba shi nan take, a maimaita 'yan mintoci a bar shi, domin saurin gundura gare shi. Ko da ya horu, kada a bar shi da kaji shi kaɗai.

Wanda za a kawo wa nasa daga Turai ko Amurka da tsadar kuɗi, kada ya yi cinikin biri a sama. Turawa sun sha wahala kafin karen ya zauna musu. Waɗanda aka kai Ingila a 1895 cuta ta kashe su, guda shida da aka kai daga Sudan a 1923 su ma ba su rayu ba, sai a shekarun 1930 iri ya kama. Da yake daga 'yan ƙalilan aka yi ta haɗa jini, sai cututtukan gado suka yi yawa, har masu kiwonsa na Amurka suka koma Kwango, wadda ake kira Zayar a lokacin, a 1987 da 1988 don ɗebo sabon jini daga ƙauyuka. Wannan darasi ne da kowane makiyayi ya sani ba sai an karanta masa ba: bijimin da ya daɗe yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa garke yake lalatawa. Babbar cutar ita ce ta ƙoda da ake kira Fankoni, wadda ta fi bayyana tsakanin shekara 4 zuwa 8. Kare ya yi ta shan ruwa, ya yi ta fitsari, yana ci yana ramewa, in an gwada fitsarin a sami sukari alhali na jininsa daidai yake. Akwai kuma makantar gado da ke farawa da dundumi. Tun 2011 akwai gwajin ƙwayar halitta da ke nuna mai ɗauke da Fankoni kai tsaye, don haka mai saye ya nemi takardar gwajin iyayen kafin ya ƙirga kuɗi.

Malamanmu sun bayyana cewa addini ya yarda a ajiye kare don kiwo da gadin gona da farauta, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙin ci da sha da lafiyarta na wuyansa. A nan ne muke da sakaci, ko da wane irin kare ne. Muna jefa musu huhu da hanta masu ƙullutun ruwa ɗanye a bayan mahauta, alhali ta nan tsutsar ke shiga kare, ta fito a kashinsa, ta koma ga dabbobi da yaranmu. A dafa ko a binne. Mabiyiya da ɗan tayin saniyar da ta yi ɓari su ma a binne su da zurfi, kada kare ya ja su cikin gida.

Mafi girma duka shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in masu bin mana maruƙa. Yana kama shanu ma. Da zarar alamunsa sun fito ga mutum, sai dai addu'a. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar don allura, komai nisa, kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da zai faru. Karen da ya yi cizon, in ana iya kama shi ba haɗari, a tsare shi kwana 10 ana dubawa. Shiru-shirun basenji ba ya kare shi daga wannan ciwo, hasali ma karen da ke shiga daji yana cuɗanya da dila da wasu karnuka ya fi kowa kusa da shi.

Maganin a sani yake. In aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi, ciwon yana yankewa. An gwada a Njamena a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta ɓace a birnin na wani lokaci kafin ta sake shigowa daga karnukan waje. Karnukan wajen nan har da namu na ruga, waɗanda ba wanda ke zuwa nemansu da allura. A Chadi ɗin dai, tun shekarar 2000 an nuna cewa ana iya haɗa rigakafin mata da yaran makiyaya da na dabbobinsu a fita ɗaya, mota ɗaya. Abin da muke nema ga ma'aikatun kiwo na ƙasashenmu ke nan: ranar da suka fito yi wa shanu allurar ciwon huhu, su zo da ta karnuka a cikin akwatin sanyinsu, su kuma ba da takardar shaida da za ta yi aiki a kan iyaka. Mu kuma shugabannin rassa da ardo-ardo, mu sanar da kowace ruga tun da wuri a ɗaure karnuka daren jajibiri, a kawo duk wanda ya kai wata uku, kuma a sake maimaitawa shekara mai zuwa.