Idon da ke Gadin Bakin Leda

A hutun da ya wuce na yi mako biyu ina raka Yayana wurin aikinsa, wata masana'antar ɗura ruwan sha a leda. Abin da na gani can shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ledar takan zo ne a naɗe kamar bandir ɗin yadi. Inji ya warware ta, ya ninke, ya liƙe gefe da ƙarfe mai zafi, ya ɗura ruwa, sa'an nan ya yanke. To, in ta goce ko da kaurin tsinken ashana ne, sai bakunan su ƙi haɗuwa daidai, liƙin ya karkace, ruwa ya yi ta yoyo. A wurin su Yaya da hannu ake tura ta. Ran nan ƙarfen ya ƙona masa yatsa, kuma ƙarshen wata aka zabge masa albashi saboda ledar da ta lalace.

Alhali kuwa akwai na'urar da aka ƙera don wannan aiki. Siffarta kamar buɗaɗɗen awartaki, bakin leda na ratsawa ta tsakiya. Ɓangare ɗaya na aika haske, ɗayan na karɓa. In ledar ta matso ta tare hasken da yawa, in ta janye ya ƙaru. Nan take na'urar za ta sa mota ta ɗan karkata abin da ledar ke bi ta kansa, ta komo hanya. Amma leda garau haske na ratsa ta, don haka akan yi amfani da wata iri mai aika sauti, wanda girgizarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa, kunnen mutum ba ya jin sa.

Wasu za su ce na'urar na da tsada. Ni kuwa a ganina araha ba ta ado. A lissafa ledar da ake zubarwa kullum, a haɗa da yatsan ma'aikaci, a ga wanne ya fi tsada.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, in an sayo ta, wa zai gyara ta ran da ta lalace? Darasin haske da sauti da muke gyangyaɗi a kansa, shi ne cikinta. Iyaye kuma don Allah ku daina ganin makarantar koyon sana'a ta waɗanda suka faɗi jarrabawa ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.