Kasuwar Kwastam da sautin Borno: sana'ar da Abuja ta manta da ita

Duk wanda ke son sanin halin da waƙar Arewa maso Gabas take ciki, ya tsaya a bakin Kasuwar Kwastam da ke Maiduguri ya kasa kunne. Tun da aka hana acaɓa a birnin a shekarar 2011, Keke Napep ce ke jigilar jama'a, kuma da wuya keke ta wuce ba tare da lasifikarta tana rera wani abu ba. A gefe guda ga masu tura waƙa a waya da memori, waɗanda su ne dillalan waƙa na gaskiya a kasuwannin Arewa. A irin wannan wuri ake yanke wa waƙa hukunci: cikin hayaniyar ciniki da ƙarar janareta, ta bakin lasifikar da ba ta kai tafin hannu ba.

Abin da mai sauraro zai tarar ya kasu biyu. Akwai baiwa: muryoyi masu daɗi da kalmomi masu ma'ana, cikin Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa. Akwai kuma rauni da ke maimaita kansa: murya na tsagewa idan ta hau sama, kiɗa na danne baiti, kuma waƙoƙi goma na fitowa da launin sauti guda. Wannan rauni yana komawa ne ga mutumin da ke zaune tsakanin mawaƙi da mai sauraro, wato injiniyan sauti. Shi ne ma'aikacin da ba a ambatonsa a tarukan da ake yi a Abuja kan tattalin arzikin fasaha, alhali da aikinsa ne waƙa ke tsallaka iyakar gari ko ta tsaya a unguwa.

A zamanin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo, ɗaukar waƙa na nufin tara makaɗa da 'yan amshi gaban makirufo, a yi ta a tashi ɗaya. Bunƙasar finafinan Hausa a Kano a shekarun 1990 ta sauya wannan tsari: fiyanon Yamaha ya maye gurbin tawagar makaɗa, daga baya kwamfuta ta shigo da manhajoji irin su Cubase da FL Studio, sannan Auto-Tune, wadda kamfanin Antares na Amurka ya fitar a 1997, ta zama gishirin kowace murya. Bai kamata a raina wannan sauyi ba. Shi ya ba ɗan talaka damar yin waƙa a ɗaki ɗaya da kuɗi kaɗan, kuma daga irin waɗannan ɗakuna ne waƙoƙi kamar “Jaruma” ta Hamisu Breaker suka fito suka mamaye wayoyi a 2020. Sai dai kayan aikin sun iso da gudu, ilimin sarrafa su kuwa yana tafe da rarrafe.

Aikin situdiyo mataki uku ne: ɗauka, haɗawa, da kammalawa. A matakin ɗauka ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Idan aka buɗe wa makirufo ƙarfi fiye da kima, kan sautin yana yankewa, kuma babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. Idan ɗakin siminti ne tsirara, murya na dukan bango ta dawo cikin makirufo. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kawai. Katifa mai kauri da bargo da labule mai nauyi sun fi shi aiki nesa ba kusa ba. Idan wayoyin lantarki ba su da kyakkyawan haɗi da ƙasa, wani gurnani yana bin duk abin da aka ɗauka. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirufo kan raba murya mai tsabta da murya mai fashewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar miliyoyi. Koyarwa suke buƙata.

A matakin haɗawa ake ba kowane sauti mazauninsa, a rage wa fiyano inda yake cin filin murya, a daidaita amshi ya zauna bayan jagora. Ƙwararre yana haɗa waƙa da tunanin inda za a saurare ta. Lasifikar waya ba ta fitar da kaurin ganga, don haka wanda ya jibge ƙarfin waƙarsa a can zai iske ta rame a Kasuwar Kwastam. Haka nan masu matse sauti don waƙarsu ta fi ta kowa ƙara suna asara biyu: sun kashe numfashin waƙar, sannan dandamali irin su Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, da YouTube suna sassauta duk waƙar da ta cika ƙara zuwa ma'auni guda. Daga nan sai batun fayil. MP3 mai nauyin 128 kusan kashi 1 cikin 11 ne na bayanan da ke cikin faifan CD, kuma duk lokacin da aka sake juya shi wani abu na zubewa. Situdiyo da ta miƙa wa mawaƙi MP3 kaɗai ta goge asalin aikin, ta sayar masa da inuwa ta riƙe komai babu.

Hasarar da ta fi girma tana ga kayan kiɗan gida. Hausa da Kanuri harsuna ne masu karin sauti, inda hawa da saukar murya ke ɗauke da ma'ana. Auto-Tune tana jan kowace murya zuwa matakai 12 na ma'aunin kiɗan Turai, kuma idan aka tsananta ta takan share lanƙwasar da ke ba waƙar gargajiya ɗanɗanonta. Kalangu yana magana ne ta hanyar matse tsirkiya a hammata, abin da maɓallin fiyano ba ya iya kwaikwayo. Algaita da manyan gangunan da ake kaɗawa a ƙofar fadar Shehun Borno suna da wuyar ɗauka: algaita na da kaifi, sai an kauce da makirufo daga bakinta, ganga na da fuska biyu, kowace da muryarta. Da yake masu wannan ƙwarewa ba su da yawa, hanya mafi sauƙi ita ce a sallami makaɗi a danna fiyano. Ta haka makaɗin ke rasa abinci, ɗansa ya ƙi gadon sana'ar, sautin Borno kuma ya narke cikin na kowa.

Maiduguri na da nata ƙarin nauyin. A Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka lalata turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya shafe watanni cikin duhu, sai a Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye manyan sassan birnin, har da unguwannin da ke bakin kogin Ngadda. A gari irin wannan, aikin shekara goma da ke ajiye cikin kwamfuta guda ɗaya yana iya salwanta cikin dare ɗaya. Borno kuwa ta san darajar adana sauti: tun ƙarshen shekarun 1980 aka gudanar da aikin tattara kiɗan Borno a Jami'ar Maiduguri tare da masanin kiɗa Bajamushe Raimund Vogels, kuma abin da aka ɗauka a lokacin ya zama taskar da masu bincike ke komawa gare ta.

Za a ce jihar da ke fama da 'yan gudun hijira da yunwa tana da abin da ya fi kiɗa muhimmanci, wasu kuma za su kawo hujjar addini. Dukansu suna da abin dubawa. Amma makirufo da ke ɗaukar waƙar biki shi ne ke ɗaukar karatun Alƙur'ani, wanda Borno ta yi suna da shi tun ƙarnoni, shi ne ke ɗaukar wa'azi da bege da sanarwar rigakafi da shirye-shiryen BRTV da Dandal Kura. Matashin da ya iya sauti yana da sana'ar da masallaci da gidan rediyo da ƙungiyar agaji duk ke nema.

Hanyoyin gwamnati suna nan, amfani da su ne ya rage. Akwai ma'aikatar da aka kafa a 2023 domin al'adu da tattalin arzikin fasaha. Akwai shirin iDICE na sama da dala miliyan 600 da Bankin Masana'antu ke gudanarwa. Akwai Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda hedikwatarta ke Maiduguri, da hukumar NBTE mai tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga masu sana'ar hannu. Abin da ya dace shi ne gajeren kwas na ɗaukar sauti da haɗa shi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, da Hausa da Kanuri, wanda zai karɓi masu aikin tun yanzu ba tare da neman takardar sakandare ba; rance mai sauƙi na sola da batir, domin a kashe janareta lokacin ɗauka; da wurin ajiyar asalin ayyuka a jami'a. Dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a Maris na 2023 ba za ta amfani wanda ba ya riƙe da asalin aikinsa ba.

Darasin ƙauyen fim na Kofa a Jihar Kano, wanda aka sanar kuma aka soke a 2016 bayan ƙorafin jama'a, ya isa ishara: katafaren ginin da aka tsara daga nesa yana iya mutuwa tun kan a aza harsashi. Daraktoci da mataimaka na musamman da ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu su ne ke zaɓar abin da zai shiga kasafi. Layi ɗaya na horar da injiniyoyin sauti ba zai ba kowa damar yanke kirtani gaban kyamara ba. Amfaninsa zai bayyana ne a lasifikar keke a bakin Kasuwar Kwastam, ranar da aka ji algaita ta fito da muryarta.