Ba furanni kaɗai Luchian ya bari ba

Idan aka ambaci Stefan Luchian, mai zanen ƙasar Romaniya da ya rayu daga 1868 zuwa 1916, furanninsa ake fara tunawa. A ganina an tauye masa haƙƙi. Aikin da ya yi a 1908 a ƙauyen Brebu na yankin Prahova ya cancanci a ɗora shi a sikeli ɗaya da furannin nan. A Brebu akwai gidan ibadar Kirista da sarki Matei Basarab ya gina a ƙarni na 17, da katangarsa da hasumiyarsa. Luchian ya yi karatu a Munich da Paris, ya ga manyan gine-gine, amma da ya zo ƙauyen nan bai ware gini ya girmama shi shi kaɗai ba. Bango da rijiya da itatuwa hasken rana ɗaya ya ba su, har mai kallo ya ji ginin daga ƙasar ya tsiro.

Wani zai ce ai a lokacin akwai kyamara, me ya sa za a nemi gini a zanen hannu? Hoto yana faɗin tsawon bango da faɗinsa, amma hoton wancan zamani, fari da baƙi, ba ya nuna launin da tsohon bango ke ɗauka idan rana ta doke shi. Wannan ne Luchian ya kama da allin zane mai launi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. A 1907 manoman Romaniya suka yi bore, sojoji suka murƙushe su da jini, sai ga mai zane bayan shekara guda yana kallon katanga. Ba na ganin gudun gaskiya ne, domin tun kafin boren ya zana talakawa sun fito karɓar rabon masara, ya kuma sha zana unguwannin marasa galihu na gefen Bukares. A kuma tuna cewa ciwon da ya shanye masa jiki ya riga ya ci ƙarfinsa a lokacin Brebu. Ba a jima ba ya koma zaman ɗaki, inda furen cikin tulu ne abin da idonsa ke iya kaiwa, ana ɗaure masa burushi a wuyan hannu. Lokacin da yake da sauran ikon fita, Brebu ya nufa.