Tsadar Bindiga Ba Ita Ce Amfaninta Ba

A ƙasar Guri da sauran garuruwan fadamar kogin Haɗeja, bindiga tsohuwar abokiyar zama ce. Maharbi yakan shiga daji da ita, manomi yakan tsare gonarsa, 'yan bindiga kuwa sukan buga ta ran hawan salla a Haɗeja. Amma akan sami wanda ba ya gamsuwa da irin wadda aka saba. Sai ya sa maƙeri ya ƙera masa tasa ta musamman, a zane ƙotarta, a manna mata tagulla, ya biya kuɗi ninki. Wani mai hali ma burinsa libarba ta ƙasar waje. Abin tambaya shi ne, ko wannan kuɗi yana biyan kansa?

Ba ya biya. A dubi ƙaramar bindigar nan ta kamfanin Colt, wadda sojan Amurka suka riƙe daga 1911 har 1985, suka yi yaƙin duniya biyu da ita. Ba ta ƙawa ba ce, irin ta kowa da kowa ce. Akwai masu ƙera irinta da hannu su sayar da tsada ainun, amma bambancin sai ga masu gasar harbi yake da amfani. Zane da ƙyalli ba su taɓa miƙe harsashi ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wannan ba ya nufin a bi araha ido rufe. Bindigar toka da aka haɗa da famfon ruwa takan fashe in albarushi ya yi yawa, ta tafi da yatsu ko idon mai ita. Wanda lalle sana'arsa ke bukatar bindiga, to ya zuba kuɗinsa wajen ƙarfe mai kauri da kunama mai aminci, ya bar ado.

Har wa yau akwai doka. Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogi cikin jerin haramtattu, ba a riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani tana bukatar lasin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, ta toka kuwa na Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Watau ma'aikacin da ya kashe albashinsa kan libarba don alfarma, ɗauri ya saya wa kansa.

Balle ma Guri tana da inda kuɗi ya fi dacewa. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliyar 2022 ta cinye gonaki, ga kuma rikicin manoma da makiyaya wanda ya sha cin rayuka. A wuri irin wannan, duk bindigar da ta ƙaru barazana ce ga zaman lafiya. Kuɗin ƙawata bindiga ɗaya zai fi albarka in ya tafi ga injin ban-ruwa, ko koma, ko kuɗin makarantar yaro.

Saboda haka ya wajaba Ƙaramar Hukumar Guri da hakimai da dagatai su haɗa kai da 'yan sanda, a san kowane maƙerin bindiga da kowane maharbi, a tabbata yana da lasin. Ɗalibai da ma'aikata kuwa su taimaka wajen wayar da kan jama'a, cewa darajar mutum ba a rataye take a kafaɗarsa ba.