Shirun Soja Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

Jama'a, musamman ku 'yan makaranta, ku karkato kunnuwanku ku ji wata ƙara da muka kawo. Abin da muke ƙara wata ɗabi'a ce ta ma'aikatan ofis, watau su ce abin da ba ya cikin takarda bai faru ba. Daga Amurka za mu ɗauko misalinmu, gama can ne aka yi ta jayayya bisa wannan magana har ta kai gaban alƙalai.

A can akwai wata ma'aikatar gwamnati mai kula da tsofaffin soja. In mutum ya bar soja da nakasa, sai ya rubuta ya nemi a riƙa ba shi kuɗi kowane wata. Kafin a ba shi, wajibi ne ya tabbatar da abu uku: yana da ciwon yanzu, wani abu ya same shi sa'ad da yake cikin kaki, kuma wancan abu shi ya haifi wannan ciwo. Wanda harsashi ya raba da ƙafa ba shi da doguwar magana, gani ya kori ji. To, mai ciwon wuya da baya fa?

Kun karanta a darasin kiwon lafiya cewa ƙashin wuya gaɓa 7 ne, na tsakiyar baya 12, na ƙugu 5, kuma tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifan guringuntsi mai taushi. Soja yana ɗaukar jaka da bindiga da harsashi, ga sulke a ƙirji, ga hular ƙarfe a ka, wani kuma daga jirgin sama yake dira da laima. Faifan nan ba rana ɗaya yake lalacewa ba, sannu sannu yake cinyewa, kamar yadda guga ke cin bakin rijiya. Sai bayan shekaru mutum ya wayi gari ba ya iya waiwaye, ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa.

Ga inda zaluncin yake. Tun ranar da yaro ya shiga bariki ake koya masa cije haƙora. Wanda ya cika zuwa asibiti, 'yan uwansa su ce rago ne. Saboda haka sai ya haɗiye ƙwaya biyu, ya saɓi kayansa, ya bi sahu. Ran da ya zo neman hakkinsa, sai a buɗe takardunsa a ce, "Ba mu ga inda ka taɓa kuka da baya ba." A mayar masa da amsa an ƙi. Wannan wace irin shari'a ce? Ku kuka hore shi ya yi shiru, sa'an nan ku mai da shirun nan shaida a kansa? Haƙurin da aka yaba masa a fagen fama, shi ne ya zama laifinsa a ofis!

Ita takardar ma da ake taƙama da ita, ba ta fi ƙarfin wuta ba. Ran 12 ga Yuli, 1973, gobara ta tashi a ma'ajin takardun soja na Sen Luwis, ta cinye takardun mutum wajen miliyan 16 zuwa 18. Shin ciwon bayan mutanen nan ya ƙone tare da takardunsu?

Sa'an nan ga maganar awo. Likita yakan ɗauko ma'aunin kusurwa, irin wanda kuke aiki da shi a darasin lissafi, ya ce wa tsohon soja ya sunkuya. Lafiyayyen baya yana lanƙwasuwa digiri 90, lafiyayyen wuya 45. In baya ya tsaya tsakanin 30 da 60, sai a rubuta nakasa kashi 20 cikin 100. In bai wuce 30 ba, kashi 40. Amma ciwon baya yana da ranakunsa. Wanda aka auna ran da ya tashi da sauƙi, ko wanda ya daure don kunya ya sunkuya har ƙasa, ya cuci kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mun san abin da masu kare ofis za su ce. Za su ce kuɗin nan na jama'a ne, in an yarda da maganar kowa, maƙaryata za su wawashe baitulmali. Gaskiya ne akwai maƙaryata, ba mu musa ba. Amma maganin ƙarya bincike ne, ba rufe ƙofa ba. Dokar ƙasar ma da kanta ta ce in shaidar da ke goyon bayan tsohon soja da wadda ke rushe shi suka yi kusan kunnen doki, to, shi za a ba gaskiya.

Kada ku zaci wannan hakki a sauƙaƙe aka same shi. Tun daga 1864 har 1988 doka ta hana lauya karɓar fiye da dala 10 a irin wannan ƙara, kun ga kuwa ba lauyan da zai ɓata watanni bisa dala 10. Sai a 1988 aka kafa kotu ta musamman mai duba hukuncin ma'aikatar. Daga nan alƙalai suka soma gyara. A 1995, cikin shari'ar DeLuca, aka ce lalle a duba abin da zafi da gajiya ke hana gaɓa yi, kada a tsaya ga lambar ma'auni kaɗai. A 2006, cikin shari'ar Buchanan, aka ce rashin takardar likita ta wancan zamani shi kaɗai bai isa a ƙaryata shaidar mutum ba. A 2018, cikin shari'ar Saunders, aka ce zafi da kansa yana iya zama nakasa, muddin yana tauye mutum wajen neman abinci. Duka ukun nan, waɗanda aka ƙi ne suka ƙi komawa gida.

Tun 2019 hanyar afil uku ce. Ko a roƙi babban ma'aikaci ya sake duba takardun da ke hannu, ko a kawo sabuwar shaida, ko a kai ƙara gaban majalisar alƙalan ma'aikatar. Shekara ɗaya ake ba mutum, in ya bari ta wuce, yana iya hasarar kuɗin watannin baya. In majalisar ta ƙi, yana da kwana 120 ya tafi kotu. Sabuwar shaidar da ta fi amfani ita ce takardar likita mai bayyana yadda aikin soja ya jawo ciwon, da rubutun abokin sahu wanda ya ga faɗuwarsa, da na matarsa wadda ta san daren da bai runtsa ba. Ƙungiyoyin tsofaffin soja kuwa suna taimako kyauta.

To, 'yan makaranta, abu biyu muke so ku riƙe. In an hana wani naku hakkinsa da takarda guda, ku karanta masa dalilin da aka bayar, ku lura da ranar da wa'adi zai cika, ku taimake shi ya ɗaukaka ƙara. In kuwa Allah ya sa gobe ku ne a bayan tebur, dattijo ya shigo yana dafe da ƙugu, kada ku tsaya ga abin da fayil ya ce. Ku ba shi kujera, ku tambaye shi abin da ya ɗauka, da shekara nawa ya yi yana ɗauka, ku rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya sa mu dace, amin.